Ranar da Maƙwabta Suka Cinye Darasin Rufa'i

A layinmu na unguwar Malam Inna a Gombe babu wanda bai san Rufa'i ba, don ko ba ka gan shi ba sai ka ji shi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana masinja a wata makarantar koyon jinya, kuma babban aikinsa a can shi ne ɗaukar ƙwarangwal ɗin roba daga wannan aji zuwa wancan. Iyakar karatunsa ke nan a likitanci, amma shi a wurinsa ya isa. Yakan ce, "Mutumin da ya rungumi ƙwarangwal shekara goma sha ɗaya, me ya rage masa? Allura kawai, ita ma don ba a ba ni ba ne."

Da aka rage ma'aikata aka sallame shi, sai ya tare a teburin shayin Abatcha, ya sa ana kiransa Dakta. Shekara biyu yana zaune. Matarsa Barira ce ke riƙe da gidan da awarar da take soyawa a bakin titi. Wannan kowa ya sani, amma ba a faɗa a gabansa.

Ni katanga ɗaya ce tsakanina da su. Tsohon ma'aikacin ɗakin shan magani ne ni, kuma tun da matata Lois ta rasu ba ni da wani aiki sai lura da abin da ke faruwa a layi. Saboda haka abin da zan faɗa, na gan shi da idona, har da lokutansa.

Ranar wata Laraba da hantsi Hajiya Yakura ta tsaya a gaban teburin shayi. Mutuniyar Borno ce, ta zo Gombe shekarun tashin hankali da keken ɗinki ɗaya, yanzu kuwa tana da makarantar 'yan mata a unguwar Arawa. Ta ce ta buɗe ɗakin kimiyya, tana neman wanda zai kula da kayan ciki, ya riƙa shirya wa malamai abin da za a nuna wa yara.

Rufa'i ya miƙe har ya kifar da kofinsa. "Hajiya, ki daina nema. Ga shi a gabanki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Malam Rufa'i, aikin na hannu ne, ba na baki ba."

"Gwada ni."

"To, ranar Asabar muna taron iyaye. Yaran suna kan darasin abubuwan da ke ɗaure jikin mutum su riƙe shi wuri ɗaya. Ka shirya, ka nuna musu a gaban jama'a. Akwai ƙawata, tsohuwar malamar jinya, za ta zo ta duba. In ta ce ka iya, aiki naka ne. Akwai zane a ofis in kana so."

"Zane?" in ji Rufa'i. "Zane na malalata ne. Ni abin da kansa zan kawo, yara su gani, su taɓa, su shinshina!"

Abatcha yana zuba shayi daga sama ya ce, "Dakta, wa za ka yanka a cikinmu? Ka faɗa da wuri mu bar wasiyya."

Bayan la'asar sai ga shi a zaurena, ya sauke murya.

"Baba, ba wai ban sani ba. So nake in gwada ko kanka yana nan. Guda nawa ne abubuwan nan?"

Na faɗa masa yadda wata tsohuwar sista ta koya mana a makarantar mishan, cewa jiki kamar bukka yake, da dirka da igiya da abin toshe kafa. Ƙashi shi ne dirka. Guringuntsi yana kunne da kan hanci da maƙogwaro, yana kuma bakin gaɓoɓi don kada ƙasusuwa su ci juna. Igiyar ita ce agara da 'yan'uwanta, waɗansu suna ɗaure tsoka da ƙashi, waɗansu ƙashi da ƙashi. Sai kitse, wanda shi ne matashi kuma rumbu. Sai tantani, ɗan siririn abin nan da ke riƙe fata da nama. Na shida jini.

"Jini?" Ya kwashe da dariya. "Ruwa ne zai ɗaure mutum? Baba, tsufa ya fara taɓa ka."

"Shi ke kai saƙo ko'ina, ya haɗa kai da ƙafa. Masana sun sa shi a lissafin."

"Na sani. Ai na ce gwada ka nake."

Ya ce wurin Nuruddeen zai je, yayan Barira, wanda mahauci ne a kwata, ya samo kowane ɗaya daga jikin bijimi, tun da abin da ke jikin bijimi yana jikin mutum. A nan dai bai yi kuskure ba, dole in ba shi haƙƙinsa. Na yanka masa kati shida, na ja layi da rula, na rubuta sunayen da babban baƙi. Na kuma ba shi shawara uku: ya barbaɗa gishiri, ya sa a sanyi, ya gaya wa matarsa.

"Mace da kimiyya?" in ji shi. "Ranar Asabar za ta gani tare da kowa, ta san wa ta aura."

Ranar Juma'a da sassafe ya dawo daga kwata da baƙar leda shaƙe. Nuruddeen ya ba shi ƙafar bijimi guda, da maƙogwaro, da kunne, da agara biyu, da dunƙulen kitse, da tantani mai faɗin tabarmar salla. Jinin kuwa a cikin robar da ake zuba zoɓo aka ɗura masa. Ya tsaya wurin Abatcha ya cusa robar a cikin kular ƙanƙara, tsakiyar robobin zoɓon da matar Abatcha ke yi na sayarwa.

"Maganin asibiti ne, kada kowa ya taɓa," in ji shi. Bai sa mata ko alama ba.

To, a gidan Rufa'i akwai wata ƙusa a bakin madafi, kuma ƙusar nan tana da doka tun ranar da Barira ta tare: duk abin da maigida ya rataya a jikinta cefane ne. Ba a tambaya, ba a jiran bayani. Rufa'i ya shiga ya tarar Barira ba ta nan, tana wurin awara. Ya duba ƙasa ya tuna da mage, ya duba ɗaki ya tuna da wari, sai ya ɗaga hannu ya rataya ledar a ƙusa. Daga nan ya wuce Jekadafari wurin tela don karɓo farar rigar likita da ya ba da ɗinki, ya ce daga can zai zarce masallaci.

Ƙarfe goma da kwata na ji guɗa ta ƙetaro katanga. Tun babbar salla ƙusar ba ta ga nama ba. Kafin sha ɗaya turmi ya fara amsawa, kafin azahar ƙanshin daddawa da citta da attarugu ya cika layi, har masu wucewa masallaci suna rage sauri.

Barira kuwa mace ce da ba ta cin nama ita kaɗai. Kwano bakwai ta zuba, ta aika gida bakwai. Nawa ya iso ƙarfe biyu da minti goma, da ƙashi guda da zoben maƙogwaro a ciki. Ina buɗewa na gane abin da nake kallo.  Sai na ga wanda aka riga aka dafa ba ya komawa ɗanye, na ɗauko cokali.

Rufa'i ya dawo da rigarsa a hammata, ya zauna ya tashi da kwano biyu. Ina jin sa ta katanga yana tsotsar ƙashi.

"Barira, yau kin tuna da gidanku. Kin ga wannan da nake tauna? Da kin yi karatu da na gaya miki sunansa."

"Allah ya ƙara buɗi, Malam."

"Amin. Wa ya aiko mana?"

 Sai na ji takunsa ya nufi madafi.

"Barira! Ina ledar da na rataya a nan?"

"Ga ta can na wanke na shanya."

"Abin cikinta fa?"

"Malam, ai yanzu ka gama suɗe kwanonsa."

"Innalillahi! Kin dafa kimiyya!"

"Kimiyya ce? To wallahi ta yi taurin kai, awa uku tana kan wuta kafin ta yi laushi."

"Aikina ne kika dafa! Aikin makarantar Hajiya!"

"Ka gaya mini? Shekara goma sha tara ina sauke abu daga ƙusar nan, yau ne za ta koma asibiti?"

"Ina sauran?"

Ta lissafa masa gidajen.

Kowa ya san ba a bin kwano. Abin da ya fita daga gidanka da sunan kyauta ya fita ke nan, sai dai kwanon ya dawo da ɗan wani abu a ciki, don ba a mayar da shi wayam. Rufa'i ya san wannan sarai, amma ya ɗauki tire ya fita.

Ya fara da gidan Abdulrasheed mai gyaran babur. Ya yi sallama, ya yi gyaran murya, ya ce farfesun da aka aiko, ko da sauran ƙashi?

Abdulrasheed ya fito yana sakace. "Dakta, lafiya? Guba ce a ciki?"

"Lafiya lau. Ƙashin kawai nake so."

"Ƙashin da na riga na tsotse?"

"Shi."

Abdulrasheed ya dube shi da tausayi, ya koma ciki, ya fito da ƙashin a hannu ɗaya, mudun masara a ɗayan. "Riƙe wannan. Kowa da ranarsa. Ba wanda zai ji a bakina."

"Ba yunwa ba ce! Bincike ne!"

"Na gane, Dakta. Mu ma mun taɓa yin irin wannan binciken."

Kafin ya kai gida na uku labari ya riga shi: abin ya kai gidan Rufa'i suna bin ƙashin da suka bayar. Tsohuwa Rahinatu ta tare shi a soro da hawaye, ta ce, "Allah sarki, ɗan nan, ga ƙiba a jiki ashe ciki ba komai." Ta ɗora masa ƙullin kuka da tsakin dawa. Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce ya yi shiru, talauci ba abin kunya ba ne. A gida na biyar aka ba shi rabin kabewa. A na shida aka ce mage ta tafi da kunnen, amma ga sabulu.

Ya iso zaurena ƙarfe biyar saura, tirensa ya cika da sadaka, ƙashi uku kacal a gefe, duk da shaidar haƙori. Ni na riga na wanke nawa na goge. Na haɗa masa da zoben maƙogwaron, wanda haƙorana huɗu suka yi iyakar ƙoƙarinsu suka bar shi.

"Ka koma kwata da asuba," na ce masa. "Nuruddeen zai sake ba ka."

"In je mahauta su yi mini tafi? Labari ya riga ya kai can. Kuma ma dafaffe ya fi, Baba. A makarantarmu ma sai an dafa ake nunawa. Barira ta rage mini aiki ne ba ta sani ba."

Akwai abin da bai sani ba shi ma. Wajen ƙarfe uku, ina zaune wurin Abatcha, Ajimi mai Keke Napep ya tsaya da ƙishirwa, ya zura hannu a kula ya zaro roba. Allah ya taimake shi hancinsa ya riga bakinsa. Ya yi jifa da ita yana salati, ya ce wa Abatcha, "Matarka zoɓo take yi ko yanka?" Abatcha ya binne robar a bayan shago, ya wanke kular da omo sau uku, yana yi yana ambaton sunan Rufa'i ba da alheri ba. Sannan ya ce kada wanda ya gaya masa. Ni ma ban gaya wa Rufa'i ba. Wannan laifina ne, na kuma amsa shi.

Da safiyar Asabar Rufa'i ya kwashe farin man da ya daskare a saman tukunya ya ce ga kitse. Ya kankaro romon ƙasa, wanda ya kama jikinsa yana rawa, ya ce ga agara. Tantani ya nema sama da ƙasa bai gani ba, sai ya yanko farar leda ya jiƙa ta da ruwa. Ya biya wurin Abatcha ya zaro roba mafi duhu a kula.

"Maganina yana nan lafiya?"

"Yadda ka bar shi, Dakta," in ji Abatcha, ya rufe shago ya biyo mu. Rabin layinmu ma suka biyo, har da Barira da sabon mayafi.

An kafa rumfa a filin makarantar, iyaye maza gefe, mata gefe, 'yan mata a kan benci da fararen hijabai. Hajiya Yakura ta ba Rufa'i wuri a inuwa, ya ƙi. Ya ja teburinsa tsakiyar fili inda kowa zai gan shi, ya jera faranti shida da katunana, ya tsaya a bayansu cikin farar riga. Telan ya ɗinka ta ne a kan awon da Rufa'i ya faɗa da baki, ba wanda aka gwada ba, saboda haka maɓallan suna riƙe ne da ikon Allah.

Sai shugaban iyaye ya tashi yin jawabi. Minti hamsin da biyu ya yi, na duba agogo. Ranar Gombe kuwa ba ta jiran jawabi. Kitsen ya fara sheƙi, ya narke, ya gangaro ta bakin faranti yana ɗiga a kan bencin da ke gaban teburin. Agarar ta saki jiki ta koma romo. Ƙanshin daddawa ya tashi, ƙudaje suka zo gayya, wani yaro a bayan uwarsa ya fara kukan yunwa.

Hajiya Yakura ta ce, "Yanzu Sista Millicent za ta duba mana aikin Malam Rufa'i."

Wata gajeriyar tsohuwa mai furfura da tabarau ta taso tana dogara lema. Rufa'i na ganinta ya sunkuyar da kai. A makarantar da ya yi masinja ta koyar shekara ashirin.

Ta sauke tabarau. "A'a! Rufa'i? Kai ne Daktan da ake faɗa?"

"Ranki ya daɗe, mutane ne ke faɗa."

"Ka samo yatsan ƙwarangwal ɗin nan da ka ɓatar?"

"Ana kan nema, ranki ya daɗe."

"To, bismilla. Nuna mana."

Ya ɗaga ƙashi sama, ya buɗe murya. "Jama'a, wannan shi ne ƙashi, sarkin jiki! In babu shi, da kowannenku a buhu za a kawo shi taron nan."

Aka yi dariya, ya ji daɗi, ya ƙara buɗe ƙirji.

Sista ta karɓa ta leƙa ramin. "Ina ɓargon?"

Daga cikin maza Abdulrasheed ya ɗaga hannu. "Yana wurina, Sista. Tun jiya."

Rumfa ta ɗauka da dariya. Sista ta ɗauki zoben maƙogwaro ta juya shi. "Wannan guringuntsi ne, babu shakka. Wa ya fara cinsa?"

Na miƙe tsaye, don ba a koya mana ɓoye laifi ba. "Ni ne. Ban samu nasara ba."

"Kunnen kuma mage ta ci!" in ji wata daga cikin mata.

Sista ta matsa faranti na gaba, ta tsoma yatsa a romo ta ɗanɗana. "Agara ke nan?"

"Ta gaji ne, ranki ya daɗe. Da safe a tsaye take."

Ta ɗaga farar ledar da bakin lema, ta miƙa wa wata yarinya a layin gaba. "'Yata, karanta mana abin da ke jikin tantanin nan."

Yarinyar ta karanta da ƙarfi: "Mun gode, sai kun sake zuwa."

Hajiya Yakura ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Rufa'i ya yi wuf ya ɗauko robar, ya ɗaga ta sama kamar kofin gasa.

"Duk wannan sharrin rana ne! Amma ga jini! Jini na gaske, daga wuyan bijimi, da hannuna na tara!"

Sista ta buɗe, ta shinshina, ta dube shi. Sai ta kafa kai ta sha rabi. Mata suka yi salati, shugaban iyaye ya miƙe tsaye.

Ta goge baki ta ce, "Kanumfari ya ɗan yi yawa. Amma bijimin nan ya iya zoɓo."

"Na matata ne, Sista!" in ji Abatcha. "Akwai saura a shago!"

Wani mai hankali da a nan ya tsaya. Rufa'i kuwa sai ya yi tsalle ya hau benci.

"Ku saurara! Me za a yi da bijimi? Ga jikin mutum a gabanku! Ga guringuntsi!" Ya ja kunnensa. "Ga ƙashi!" Ya ƙwanƙwasa goshi. Ya ja numfashi zai ci gaba, maɓalli biyu suka yi tsalle, ɗaya ya faɗa a cinyar shugaban iyaye, tumbi ya fito fili.

"Ga kitse!" 'yan mata suka faɗa baki ɗaya.

"Daidai! Ni na koya muku! Yanzu ku dubi agara, bayan dunduniya, ku ga yadda take ɗaga mutum!"

Ya tattare wando, ya ɗage a kan yatsun ƙafa ɗaya, daidai inda kitsen ya kwashe minti hamsin yana ɗiga. Ƙafar ta tafi gabas, Rufa'i ya tafi yamma, teburin ya bi shi da faranti shida.

"Na karye! Wayyo, na karye! Ku kira likita!"

"Ga ka nan ai, Dakta," in ji Abatcha.

Sista Millicent ta ajiye lema ta durƙusa, ta kama idon sawun ta latsa nan ta latsa can, yana ihu. Ta ce, "Ƙashinka lafiya lau, targaɗe ne. Yara, ku matso. Allah ya kawo mana abin nuni."

Suka kewaye shi. Ta nuna musu inda igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi ta miƙe fiye da ƙima, ta sa su taɓa agarar bayan dunduniyarsa su taɓa tasu. Ta tsunkuli fatar bayan hannunsa ta ɗaga ta saki, ta ce abin da ya bar ta ta tashi ta koma ba ta rabu da nama ba, shi ne tantani. Gwiwar hannunsa ta ƙuje, ta nuna musu jinin, ta ce wannan ba a sha.

Sannan ta ce, "Rufa'i, tambaya ɗaya. In ka amsa zan yi maka sassauci. Me ya sa agara ta narke a tukunya, ƙashi bai narke ba?"

Ya dubi sama. "Ranki ya daɗe, wannan sai an yi bincike."

"Ba sai an yi ba."

Barira ce, daga cikin mata. Ta taso tana gyara mayafi.

"Agara zare-zare ce, Sista, kamar igiyar rama. Ɗanya ko wuƙa sai ta yi da gaske. Amma in ta daɗe a ruwan zafi zaren yakan saki ya zama danƙo, shi ya sa romon ƙafa ke daskarewa in ya kwana. Ƙashi ma yana da danƙon nan, shi ke ba romo ƙarfi, sai dai shi an cakuɗa shi da abu mai tauri kamar dutse, wuta ba ta cinsa. Kitse tun tafasar farko yake tasowa sama. Tantani kuwa bai fi numfashi ba, da ya ji zafi ya tattare ya ɓace. Da an tambaye ni, da gishiri zan sa musu in shanya tantanin a kan faifai."

Sista ta miƙe tana kallonta. "A ina kika koya?"

"'Yar mahauta ce ni. Tun ina shekara bakwai nake riƙe wa babana ƙafa yana fiɗa."

"Boko fa?" in ji Hajiya Yakura.

"Na gama sakandare, Hajiya. Takardar tana ƙasan akwati, ba wanda ya taɓa tambaya."

Hajiya ta dubi Sista, Sista ta gyaɗa kai.

"Ki zo ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi, ki taho da takardar," in ji Hajiya.

Daga ƙasa Rufa'i ya ɗago kai. "Ni fa, Hajiya?"

"Kai ma muna bukatarka," in ji Sista. "Sau ɗaya a zango. Ka zo da tumbin nan da kunnuwan, ka kwanta yadda ka kwanta yau. Ban taɓa samun ajin da ya gane darasin nan da sauri haka ba."

Ajimi ne ya kwaso shi a kekensa zuwa gida, ƙafa a naɗe da bandeji tana leƙe waje. Kafin la'asar yana teburin shayi, ya ɗora ta a kan kujera.

"Kun dai gani da idonku," in ji shi. "Shekara goma sha tara ina horar da matar nan a ɓoye. Kuma duk faɗin Gombe, wa aka taɓa koyar da kimiyya da jikinsa in ba ni ba?"

"Babu, Dakta," in ji Abatcha. "Zoɓo ko shayi?"

Barira tana nan tana aikinta, wata na takwas ke nan. In ta karɓo kayan nuni daga wurin Nuruddeen, a ɗakinta take sa su ta datse da kwaɗo, makullin a bakin zaninta. Na tambaye ta dalili. Ta ce sau ɗaya ta yi mantuwa ta rataya wani maƙogwaro a ƙusa, ta je ɗebo ruwa. Kafin ta dawo Dakta ya gasa shi ya ci da yaji.